Audi Mahauci da Albasar Madam

Duk wanda ya sauka daga jirgin ƙasan Kwatano a tashar Parakou a shekarun farko na 'yancin Dahome, kafin ya ga ɗan'uwan da ya zo tarbarsa sai ya ga Audi. Ba yadda za a yi ya ɓoyu. Ƙaton mutum ne mai wuya kamar na bijimi, teburin namansa kuma yana daidai bakin gar, wato tashar jirgin, ƙarƙashin wani mangwaro da ya daɗe da daina 'ya'ya. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina cikin ayarin fatake zai je sayen goro, jakinsa ya kwanta ya mutu a Parakou, shi kuwa ya ce ba zai ƙara taku ɗaya da kaya a ka ba. Haka zuri'arsu ta zauna. Uban Audi ya kama fawa, Audi ya gada.

Audi bai yarda akwai wata cuta a duniya ba sai yunwa. Wanda ya ce kansa na ciwo, yunwa ce. Mata da miji suka yi faɗa, yunwa ce. Ran da rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki a kudu, cewa ya yi ba su karya kumallo ba ne. Kyanwar gidansa ta yi ƙiba har ɓeraye suna wucewa ta gabanta a natse, ta bi su da ido kawai. Matarsa Tasalla kuwa ta daɗe da koyon ɓoye masa in ba ta jin daɗi, don kada a dire mata ƙafar sa da sassafe.

Cikin masu sayen namansa akwai wata Baturiya, Madam Odet, matar wani injiniyan jirgi, wadda ba ta rabuwa da faffaɗar malfa. Kowace Laraba da Asabar sai ta zo sayen tsoka marar kitse. Siririya ce kamar tsinken tsire, abin da ya hana Audi sakat ke nan. Shekara shida yana cusa mata kitse da ɓargo a ƙasan ƙunshi a matsayin gyara, bai ga ta ƙara ko kilo guda ba.

A shekara ta biyu bayan 'yanci aka kira mijinta gida. Ran tafiyarsu, ana ta loda akwatuna, sai ga ta a gaban tebur da kwalin biskit a rungume. Ta buɗe. Ciki akwai wasu kawuna guda bakwai masu kama da manyan albasa, kowanne a naɗe da jarida.

"Lis," in ji ta, ta dafa ƙirjinta. Ta nuna da hannu yadda abin zai tsiro ya yi tsawo ya buɗe, ta shaƙi iska ta lumshe ido. Audi ya gane fure ne, kuma amana ake ba shi. Ya goge hannu a riga ya karɓa.

Ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo ta ɗaga yatsa ta ce, "Pas trop d'eau, Audi!" Wato kada ruwa ya yi yawa. To, daidai lokacin jirgin ya ƙwalla ihu, ihun kuwa ya haɗiye kalmar farko. Faransancin Audi na kasuwa ne. Ya san "toro", domin kullum Madam sai ta ce namansa "toro she", ya yi tsada da yawa. Ya san "do" ruwa ne. Ya haɗa biyun ya ɗaga mata hannu ya ce, "Wi, Madam! Toro do! Kada ki damu!"

Da ya koma gida ya kwashe tukwanen Tasalla guda bakwai, har da wadda take dafa doyar sakwara a ciki. Ya je kara, inda ake cinikin shanu, ya ɗebo baƙar laka mai danƙo, ya kwaɓa ta da ɗanyen kashin shanu rabi da rabi. Ya binne kowace albasa can ƙasan tukunya, ya danne da dunƙulen hannu. Ya raɗa musu suna kamar garke: babbar ita ce Guzuma, sai Bijimi, da Karsana, da Gudale, har zuwa 'yar autarsu Maraƙi.

"Maigida, a me zan yi girki?" in ji Tasalla.

"Baƙi ne daga Faransa, Tasalla. A yi musu haƙuri."

Sau biyar a rana yake ba su ruwa. Duk lokacin da ya ɗauki buta zai yi alwala, sai ya ja guga guda ya raba musu, har ruwa ya kwanta a kan lakar yana ƙyalli. Ran Juma'a yakan ƙara musu da romon ƙashi, bayan ya huce, don ya ce ba a ba baƙo ruwa zalla. Kuma kowace safiya sai ya tono su ɗaya bayan ɗaya ya latsa da babban yatsa, yadda yake latsa tozon sa a kara don ya ji ko ya yi kitse, sannan ya mayar ya binne.

Mako uku aka yi, tsakar gida ta ɗauki wani irin wari. Maƙwabta suka ɗauka gafiya ce ta mutu a rufi. Audi, wanda hancinsa ya saba da tumbi tun yana yaye, shi kaɗai ne bai ji komai ba. Wata safiya ya tura hannu zai tono Guzuma, sai yatsunsa suka shige cikinta. Ta fito a narke kamar dafaffiyar kabewa. Kafin mako ya zagayo wasu biyu suka bi ta.

Audi ya ce lallai abincin ne bai ishe su ba, ya ƙara romo.

Labari ya kai kara. Ran nan da la'asar sai ga Ɗanbala, abokin fawarsa tun ƙuruciya, da wasu mahauta uku a bayansa, kowa ya sa hula ya sunkuyar da kai. Suka zauna a tabarmar ƙofar gida.

"Audi, ya haƙuri?" in ji Ɗanbala. "Mun ji rasuwar Guzuma. Ta daɗe tana jinya ne?"

"Ɗanbala, tashi ka bar min ƙofar gida."

"Haƙuri za ka yi. Ta bar 'ya'ya nawa? An sanar da danginta na Faransa kuwa?"

Ya bi su da taɓarya har bakin hanya. Da ya dawo sai ya ga bai kyauta ba, ya aika musu da balangu.

Wanda ya warware masa zancen shi ne Mushe Idrisu (Mushe shi ne Malam a Faransanci), mai sayar da tikiti a gar, wanda yake tsaye kusa ran da Madam ta yi sallama. Audi yana kai masa kuka, yana cewa ya cika umarnin Madam har ya zarce, sai Mushe Idrisu ya cire tabarau ya dube shi.

"Malam Audi, ai 'pa toro do' ta ce. Akwai 'pa' a gaba."

"To, me 'pa' ɗin ya ƙara?"

"Shi ne 'kada'."

Audi ya nemi benci ya zauna. Ya kalli layin dogo ya ce, "Ɗan abu ƙanƙane haka. Pa. Shi ya kashe min uku?"

Tun da ruwa ne ya yi ɓarna, sai ya ce ai ya san maganin abin da ke neman ruɓewa, sana'arsa ce. Ya tono Maraƙi, ya shafe ta da gishiri, ya shanya ta a rana tsaka a kan tabarmar kilishi. Kwana biyu ta koma kamar tsohon takalmi. Saura uku ke nan, kowace da tabo mai laushi launin ƙasa a jikinta.

Tasalla ce ta kawo shawara, ba don son furen ba, sai don kewar tukwanenta.

"Maigida, ka san nama, amma wannan ba nama ba ne. Ka kai su wa Gwaggo Zinariya. In akwai wanda ya san ruɓa a duniya, ita ce."

Gwaggo Zinariya ƙanwar uban Audi ce, da aure ya kai ta Djougou, garin da tsofaffi ke ce wa Zugu. Shekara arba'in tana tsintar goro a zauren fatake: ta buɗe huhu, ta fitar da wanda sankara ta ci, ta sake ganye, ta ɗaure. Ana cewa tana wucewa ta gefen huhu a rufe za ta faɗa maka guda nawa suka lalace a ciki, kuma ta wane ɓangare.

Audi ya bar wa Ɗanbala tebur, ya hau kamiyon, babbar motar da ke kai gishiri Djougou. Ya naɗe albasan uku a farin ƙyalle ya rungume a cinya, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ɗaga su sama. Wata mata da ke zaune gefensa ta daɗe tana satar kallon ƙunshin da fuskarsa, daga baya ta ce a hankali, "Allah ya ba da lafiya, Malam. Wata nawa ne?" Ya ce mata wata biyu, kuma huɗu sun riga sun mutu. Matar ta yi kuka har suka shiga gari.

Ya iske gwaggonsa a zaure, 'yar tsohuwa da ba ta kai masa ƙirji ba, haƙoranta jawur. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta gama amsawa ba ta ɗaga hanci.

"Me ka shigo min da shi? Fita da shi waje, kada ka kashe min goro."

A tsakar gida ta sa ya buɗe ƙunshin. Ta ɗauki kowace ta shinshina, ta juya gindinta ta duba.

"Me kake ba su?"

Ya lissafa mata: laka, kashin shanu, ruwa sau biyar, romo ran Juma'a.

"Romo."

"Bayan ya huce, Gwaggo."

"Audi, tun kana goye na san ba ka da wayo, amma na ɗauka girma zai taimaka. Wannan abin ba yunwa ke damunsa ba. Kai ke damunsa."

Ta ɗaga Bijimi ta nuna masa gindinta, inda saiwa ke fita. Ya yi baƙi, yana tsiyayar ruwa. "Wannan ta tafi. In ruɓa ta kai nan, ba sauran magana. Kai ta bayan gida ka binne, nesa da 'yan'uwanta, ka wanke hannu da toka kafin ka taɓa sauran. Goro ɗaya na bari a huhu ina amarya don tausayi, uwar mijina ta sa na ci kwana uku ina tsinta ina kuka."

Da ya dawo ta sa ya fito da wuƙarsa, ta ce ya ratsa bakinta cikin wuta. Sannan ta miƙa masa Karsana.

"Yanka. Cire duk inda ya yi laushi, har ka ga fari tas."

Mutumin da yake kayar da shanu uku kafin hantsi sai ga shi yana lallaɓa albasa kamar jariri. Ya ɗan kankare sama-sama ya tsaya.

"Ƙara."

"Gwaggo, za ta ji ciwo."

"Ƙara, na ce. In ka bar ko kamar ƙwayar gero, gobe ya cinye ta."

Ya rufe ido ɗaya ya yanka har farin ya bayyana. Ta sa ya sake gasa wuƙar kafin ya taɓa Gudale. Ta daka gawayi ta haɗa da toka mai sanyi, ta barbaɗa a kan yankan, ta jera su a faifai, ta ɗora a rumfar da iska ke ratsawa amma rana ba ta shiga.

"Kwana huɗu. Ba ruwa, ba taɓawa."

Waɗannan kwanaki huɗu su ne mafi tsawo a rayuwar Audi. Gwaggo ta zaunar da shi a zaure yana taya ta tsintar goro, da muciya a gefenta. Duk lokacin da ya ce zai zagaya, sai ta bi shi da ido. Sau biyu ta kama shi a bakin rumfa da buta a bayan riga, sau biyun muciya ta sauka a wuyan hannunsa. Fataken da ke shigowa suka riƙa tambaya ko wannan ƙaton laifi ya yi aka kawo shi horo.

Cikin tsintar ne take faɗa masa sauran. A samu tukunya mai huda a gindi. A sa tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta toshe ta. A haɗa yashin rafi da ƙasa mai sauƙi, taki kuwa sai wanda ya shekara ya bushe ya zama gari, shi ma ɗan kaɗan. Kada a binne ta kamar gawa, a bar wuyanta a waje tana shan iska. Kafin a ba ta ruwa a tura yatsa har gaɓa ta biyu, in an ji sanyi a ajiye buta a tafi. In ganye ya yi rawaya da rani, ba ciwo ba ne, barci take, a ƙyale ta.

"Gwaggo, a ina kika san furen Faransa?"

"Ban san shi ba. Na dai san duk abin da aka toshe wa iska aka jiƙa shi, sai ya ruɓe. Ko kai ne."

Ran na biyar yankan ya bushe ya yi ɓawo. Ta naɗe su a busasshen ganye ta ba shi, ta ce ya gaida Tasalla, ya ce mata tana da lada.

Huda tukunya ta zama wani sabon yaƙi. Audi ya kifa ɗaya ya sa tsinin wuƙa ya buga da dutse, ta rabe biyu. Ya ce wannan dama tsohuwa ce. Ta biyu ta tarwatse. Ta uku gindin gaba ɗaya ya zube ya bar masa baki a hannu kamar ƙawanya. Da ya miƙa hannu ga ta huɗu sai Tasalla ta zo ta zauna a kanta ta harɗe ƙafa, ta ce sai dai ya huda su tare.

Ya hau keke ya tafi ƙauyen Tourou wajen wata tsohuwa Babargiya, 'yar asalin Borgu, mai ginin tukwane. Hausarta kaɗan ce, Bargancinsa na cinikin shanu ne, don haka aka daɗe ana nune-nune. Da ta gane tukunya mai yoyo yake so, da gangan, sai ta ajiye yumɓu ta kira maƙwabtanta su zo su gani. Ta ce shekara talatin mutane na dawo mata da tukunya suna zagi don tana yoyo, yau ga wanda ya yi tattaki yana nema. Ta ɗauki ɗanyu guda biyu ta caka musu babban yatsa a gindi, ta ce ya dawo bayan an gasa. Da ya dawo ta haɗa masa da duk fasassun da ke bayan ɗakinta, ta ce tun da irin abin da yake so ke nan.

Ya shuka su yadda Gwaggo ta ce. Damina ta kankama, sai ya ja tukwanen ƙarƙashin zanko, wato rufin kwano, ya ɗora su a kan duwatsu uku-uku don ruwa ya samu hanyar fita. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ajiye buta. Yakan tura yatsa ya ji sanyi, ya tsaya, ya canza yatsa ko wancan ƙarya yake yi. Tasalla ta koma ɓoye guga. Da ya rasa abin ciyarwa, sai ya juya kan Mushe Idrisu, wanda a ganinsa shi ya ceci ran sauran. Kullum da rana sai tsire da wagashi, cukun Fulani, su isa tagar tikiti. Cikin wata shida sai da aka sake wa Mushe Idrisu kujera.

Ganye ya fito, dogaye masu sheƙi. Da rani suka yi rawaya suka kwanta, Audi ya yi ta zagaye tukwanen yana cizon yatsa, amma bai zuba ko ɗigo ba. Da ruwan farko na shekara ta gaba, Karsana ta turo wani kara mai kauri. Kwana goma ya buɗe: furanni shida, farare, kowanne da jan layi a tsakiya, ƙamshinsu har zaure.

Ran kasuwar shanu ce. Audi ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya yi gammo, ya ɗora tukunyar a ka, ya bi ta tsakiyar gari a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A kara ya dire ta a kan turmi. Dillalai da mahauta suka kewaye. Ɗanbala ma ya cire hula ya ce wallahi abin ya yi kyau.

"Daga Faransa," in ji Audi. "Jirgin ruwa ta hau, ta hau na ƙasa. Sunanta lis."

Cikin taron akwai wani Bafulatani, Buraima, wanda Audi ya daɗe yana sayen shanunsa. Ya leƙo, sandarsa a kafaɗa, ya sunkuya ya shinshina.

"Kaɗo, wannan ai albasar kwaɗi ce."

"Buraima, je ka ji da shanunka."

"Ita ce mana. Tana nan cike da fadamar bayan Tourou. Shanuna ko kallonta ba sa yi, ɗaci gare ta, tana sa su zawo. Wata Baturiya mai faffaɗar malfa ma ta taɓa zuwa tana tona da ɗan ƙaramin magirbi. Ni na taya ta, don na ga za ta kwana a kan guda ɗaya."

Kowa ya juya ya kalli Audi. Sai wani daga baya ya yi kukan kwaɗo, a hankali. Audi ya san muryar Ɗanbala ce.

Ya ce sai ya gani da idonsa. Aka bar ciniki, mutum wajen goma suka bi su a ƙafa. Da suka gangara bayan Tourou, ga fadama nan shimfiɗe, fara fat da furanni, ɗaruruwa, kowanne da jan layinsa, kwaɗi na tsalle a tsakaninsu. Abin da ya fi ƙona wa Audi rai shi ne, duk a cikin ruwa suke tsaye, har wuya.

"Buraima! Waɗannan a ruwa suke! Me ya hana su ruɓewa? Ni muciya na sha a kan buta ɗaya!"

Buraima ya tura sandarsa cikin ruwan ya ɗago ta da yashi. "Wannan ruwan tafiya yake, Kaɗo, ba zama yake ba. Ƙasan kuma yashi ne. In rani ya shigo ka dawo, ko ɗigo ba za ka samu ba, haka za su kwanta a bushe har wata damina. Kai kuwa an ce romo ka ba su."

Kwana uku Audi bai kalli inda tukwanen suke ba. Ya ci abinci kaɗan, abin da ya tsorata Tasalla har ta aika a kira ƙanensa. A kara kuwa, da ya doso sai kukan kwaɗi ya tashi ta ko'ina. Ran na huɗu da safe Tasalla tana shara ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Maigida, ɗayar ma ta fito da kai."

Ya ce ba ruwansa. Ya sha koko. Ya ɗauki wuƙaƙensa ya kai ƙofa, ya dawo wai ya manta hula, alhali tana kansa. Ya durƙusa gaban Gudale ya daɗe. Da ya tashi ya ce, "Waɗancan na daji ne, ba su san kowa ba. Waɗannan kuwa da hannuna na yi musu aiki." Ya tafi kara, da Ɗanbala ya fara kukan kwaɗo sai shi ma ya amsa masa da nasa, wanda ya fi ƙarfi, har wata saniya ta tsinke igiya. Daga ranar wasan ya mutu.

Shekarun da suka biyo baya, ma'aikata daga kudu suka cika Parakou, matansu suna zuwa da tukwanen furanni daga Kwatano, suna shayar da su safe da yamma har su fara wari. Ba a san wanda ya fara faɗa ba, amma sai aka ji cewa mahaucin bakin gar yana duba albasar fure. Ya ware wuƙa guda da katako guda waɗanda ba sa taɓa nama, da gwangwanin toka da gawayi. Kowace Laraba da la'asar, bayan ya wanke tebur, matan manya da sistocin mishan sukan yi layi da ƙunshinsu. Yakan shinshina, ya juya gindi, ya yanka, ya barbaɗa, ya yi faɗa kamar shi bai taɓa kuskure ba. Masu zuwa da ainihin na Turai, waɗanda ba sa jure zafin Borgu, yakan gaya musu gaskiya cewa shekara ɗaya za su yi su tafi, ko me aka yi musu. Bai taɓa karɓar komai a kan wannan aiki ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, ba mai tashi sai ya ci tsire.

Gwaggo Zinariya ta rasu ba ta taɓa ganin furen ba. Sau biyu ya yi niyyar kai mata, tana aiko masa da cewa in ya kawo mata tukunyar ƙasa kusa da goronta sai ta karya masa ɗayan hannun.

A shekarar da 'ya'yansa suka kai shi hajji, ya riga ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala. A masaukinsu na Jidda, suna jiran motar Makka, ya hango wata tukunya a bakin matakala, ganyenta ya yi rawaya ya langaɓe. Ya yi ƙoƙari ya kau da kai. Ya yi tasbihi. Abin ya gagara. Ya lallaɓa ya tura yatsa, ya ji laka sharkaf. Kafin abokan tafiyarsa su ankara ya tumɓuke abin, ya ari wuƙar wani alhaji mai yankan lemo, ya zauna a matakala yana fiɗa. Sai ga mai gadin gidan ya fito yana ihu da Larabci, yana ɗaga hannu sama. Da ƙyar aka samu wani ɗan Agadas ya yi tafinta. Ashe albasa ce ta miya, mutumin ya shuka abarsa, ta nuna, yana shirin cirewa ya yi girki da ita ran nan.

Aka ba shi haƙuri, Audi ya saya masa albasa cikin kwando a kasuwa. Amma har ya koma ga Allah, shekara tara bayan haka, duk wanda ya tayar da zancen sai Alhaji Audi ya gyara zama ya ce a bar batun miya, shi ya ga gindinta da idonsa, kuma ta fara laushi.